Masuncin Da Ya Ƙi Yankar Kati

Duk wanda ya saba bin hanyar Kusada zuwa Kaikai da hantsi, da wuya a ce bai taɓa cin karo da Sodangi ba. Dogo ne, baƙi, ƙasusuwan kafaɗa a waje, ƙafafu duk faso saboda daɗewa cikin ruwa. Ba ya fara gaisuwa, in kuma an gaishe shi sai ya ga dama yake amsawa. Mutanen ƙauyensu suna cewa tun yana saurayi haka yake. Matarsa Kubura kuwa cewa take ba gaskiya ba ne, ita ta san shi yana dariya har da ƙyaƙyatawa, dam ne ya mayar da shi haka.

An haife shi a wani ɗan ƙauye kusa da Kaikai, gidan manoma masu taɓa su in ruwa ya sauka. Ubansa yana da fadama a bakin rafi, inda suke shuka rake da albasa da dankali. In damina ta yi nisa rafin ya kawo, sai tsohon ya ajiye fartanya ya ɗauki raga. A hannunsa Sodangi ya koyi saƙar kalli, wato doguwar ragar nan da ake shimfiɗawa cikin ruwa kifi ya zo ya maƙale. A hannunsa kuma ya koyi cewa ba a taɓa kifi mai ƙwai, kuma ƙaramin da bai kai tafin hannu ba mayar da shi ake yi. Tsohon bai taɓa zaunar da shi ya yi masa bayani ba. Ranar da ya ga Sodangi ya zura 'yar ƙaramar karfasa cikin aljihu, mari ya sha, shi ke nan ya gane.

Yana da shekara ashirin da 'yan kai aka zo da manyan motoci aka datse rafin. Damina ɗaya ruwa ya taru ya shanye fadamar duka, har rijiyar da kakansu ya gina da bishiyar gwaiba biyu. Aka ba su wata gona a tudu, jigawa ce wadda ko gero sai an sha wahalar taki. Tsohon ya riƙa zuwa bakin ruwan yana zama shiru, bai cika shekara biyu ba ya rasu. Sodangi ya sayi ƙatuwar gora, irin wadda masunta ke kifa ciki a kai su yi iyo, ya shiga dam ɗin. Tun daga ranar ya bar lissafa kansa cikin manoma, ko da yake yana ɗan taɓa geron tudu. Shekara talatin yana su a wurin, babu wanda ya taɓa tambayarsa da izinin wa.

Sai aka turo Haladu.

Haladu mutumin Kankia ne, ya yi karatun kiwon kifi, aka ba shi kula da ruwayen yankin, mutane suka sa masa suna malamin kifi. Ba mugu ba ne, ba ya kuma karɓar na goro, amma yana da irin maganar nan ta wanda ya saba a yi shiru in ya buɗe baki. Ya tara masunta a gindin wata tsamiya da ke bakin dam, ya jingine babur, ya zaro takarda ya karanta musu doka. Kowa zai yi rajista, a ɗauke shi hoto, a ba shi katin izini wanda za a riƙa sabuntawa duk shekara. An hana raga mai ƙaramin ido, balle gidan sauro. An hana zuba guba. In damina ta faɗi za a rufe ruwa wata uku, kifi ya yi ƙwai ya hayayyafa.

Masunta suka yi ta gyaɗa kai. Sodangi yana can gefe a tsugune yana ɗaurin raga, ko ɗagowa bai yi ba sai da aka ce ko akwai mai tambaya.

"Malam, na ji ka," in ji shi. "Raga mai ƙaramin ido ban taɓa saƙa ta ba. Guba kuwa, wanda ya zuba ta Allah ya isa. Hutun damina, tun ba a haife ka ba nike yin shi. To shi katin na mi ne ne?"

"Na izini ne, Baba."

"Izinin wa?"

"Na hukuma. Ruwan nan na gwamnati ne."

Sodangi ya miƙe tsaye, ya nuna tsakiyar dam da tsinken saƙa.

"Ruwan nata ne, na yarda. Ƙasar da ke ƙarƙashinshi fa? Ka ga inda farin tsuntsun can ya sauka? Nan rijiyar ubana take. In gwamnati na son in nemi izini, ta fara kwashe ruwanta daga bisa gonarmu, sannan mu yi magana."

Wurin ya kaure da dariya. Haladu ya naɗe takardarsa, fuska a murtuke. Yau ne zuwansa na farko, ga shi an mayar da shi abin dariya a gaban mutanen da aka ce ya kula da su.

"Baba, ni ban zo gardamar gona ba," ya ce. "Wata ɗaya na ba kowa. Bayan nan duk ragar da na ishe cikin ruwa babu kati, tawa ce."

"Sai ka koyi iyo tukun," in ji Sodangi, ya koma ya tsuguna.

A ranar aka kafa ƙungiyar masunta, aka zaɓi Dalhatu shugaba. Dalhatu ɗan ƙanen uban Sodangi ne, su ma fadamarsu tana ƙarƙashin ruwan, amma shi mutum ne mai tafiya da zamani. Shi kaɗai ke da kwale-kwale a dam ɗin, yana da taru babba da ma'aikata masu ja masa. Da wa'adi ya kusa cika ya zo har gida, ya sami Sodangi a zaure.

"Yaya, hoto ɗaya ne fa. Ka tsaya jikin bango, a ɗauka, an gama. In tafiyar ce ba ka so, ni zan kai ka Kankia bisa babur."

"Kai ka manta inda aka binne cibiyarka, ni ban manta ba."

"Haba Yaya. Shekara talatin ana magana ɗaya? Ruwan nan ba zai koma ba. Kada ka ja mini abin kunya, a ce shugaban ƙungiya ya kasa da gidansu."

"To ashe kujerarka kake ji. Tashi ka ba ni wuri."

Dalhatu ya fita yana kaɗe riga. Wannan ce maganar kirki ta ƙarshe da ta shiga tsakaninsu.

Kwana uku bayan cikar wa'adi, da rana tsaka, Sodangi ya fito daga ruwa yana janye da gora, kalli a kafaɗa, tarwaɗa cike da buhu. Sai ga Haladu a tsaye a bakin gaɓa, Dalhatu a bayansa da wasu 'yan ƙungiya biyu. Haladu ya miƙa hannu ya kama bakin ragar. Sodangi ya riƙe. Suka tsaya haka, kowa na ja, ruwa na ɗiga a kan takalmin Haladu.

"Baba, kada ka sa in kira 'yan sanda. Da furfurarka."

Sodangi ya dubi Dalhatu, Dalhatu ya kawar da kai. Sai Sodangi ya saki. Ragar nan wata biyu ya yi yana saƙa ta.

"Kifin ka tafi da shi," in ji Haladu. "Na bar ma iyali."

Sodangi ya ɗaga buhun ya zazzage shi kaf a kan kujerar babur ɗin Haladu. Tarwaɗa suka yi ta zillo, yauƙi ya wanke kujera da tanki.

"Sadaka ba daga hannunka ba," ya ce, ya ɗauki gorarsa ya wuce.

Ya sayo zare ya zauna ya saƙa wata. Haladu ya ƙwace ta bayan sallar layya. Ya saƙa ta uku, ita ma ta tafi. Abin ya zama kamar farauta. Haladu ya san duk lungun da Sodangi yake shiga, Sodangi kuma ya haddace ƙarar babur ɗin Haladu tun daga nesa. Ƙungiya ta hana shi sauka a mashigar da kowa ke sauka, ta kuma gargaɗi dillalai cewa duk wanda ya sayi kifinsa ba za a ƙara sayar masa ba. Sai ya koma can gefen arewa, inda shanun makiyaya ke shan ruwa, nan ma bai zauna lafiya ba. Akwai wani makiyayi, Babba, mai ruga kusa da wurin, wanda shanunsa suka taɓa tattake masa ragar da ya shanya. Sun yi zage-zage har sai da aka raba su.

Nauyin duka a kan Kubura ya sauka. Tun da dillalai sun guje su, ita ta koma soya kifin tana kaiwa kasuwar Kankia. Matan 'yan ƙungiya da suke layi ɗaya suka sa mata ido. In mai saye ya tsaya a gabanta, sai wata ta ɗaga murya ta ce wa 'yar'uwarta, ita dai ba ta ciyar da 'ya'yanta kifin sata. Wata ranar kasuwa Kubura ta dawo da rabin tire, ta dire shi a tsakar gida.

"Malam, ni fa na gaji. Yau har ɓarauniya an kira ni. Ni da ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba."

"Wa ya kira ki?"

"Ka san ko wa. Matar ƙanenka. Mi zai rage ka in ka yanki katin nan? Tsoho ya tafi, Allah ya jiƙanshi. Ka ƙi katin, gonar ta dawo?"

"In na yanka, na sa hannu ke nan cewa abin da aka yi mishi daidai ne."

"Wa ya ce? Kai kaɗai ke jin haka. Ni ce ke shan zagi a kasuwa, kai kana can cikin ruwa ba ka jin komi."

Sodangi ya miƙe. Ya ɗauki buta ya fita. Da aka zo auren ɗiyarsu Salma, bisa al'ada Dalhatu ne ya kamata ya ba da ita. Sodangi ya ce ko da zai rasa waliyyi a duniya ba Dalhatu ba, ya nemo wani dattijo maƙwabci. Gidan Dalhatu kuwa ko mace ɗaya ba ta leƙo bikin ba. A masallaci, in suka faɗa sahu ɗaya, sai ɗaya ya ja baya.

Haka aka yi shekara uku.

A bazarar shekara ta huɗu ruwa ya ja baya ƙwarai, zafi kamar zai tsaga kai, saura makonni kaɗan a rufe dam. Wata safiya Sodangi ya iso gefen arewa da gorarsa, tun kafin ya ga ruwa wari ya tare shi. Da ya hau gaɓa sai ya tsaya cak. Bakin ruwan ya yi fari fat, kifi ne birjik ciki a sama, manya da ƙanana, har 'yan mitsi-mitsin da ba su kai ɗan yatsa ba. Ya shiga har gwiwa, ya ɗauki wata tarwaɗa ya buɗe mata kunne, ya sansana. Maganin feshi ne. Ya matsa cikinta, ƙwai ya fito. 

Yana nan tsaye cikin matattun kifi ya ji ihu a bayansa. Shanun Babba sun riga shi zuwa, sun sha sun koma. Huɗu suna kwance a kan hanya suna shure-shure, kumfa a baki. Kafin rana ta ɗaga wurin ya cika da jama'a, masunta da makiyaya da mata masu ɗibar ruwa. Dalhatu ya iso yana salati, ya dubi ruwan, ya dubi Sodangi da kifi a hannu.

"To ga shi nan," ya ce da ƙarfi. "Mu duka masu kati ne, an san mu, an san ragarmu. Mutum ɗaya ne ba ya bin doka a ruwan nan. Kuma nan ne wurinshi. An ƙwace mishi raga uku, ya rama."

Ba a jira ƙarin bayani ba. 'Ya'yan Babba, ƙarti biyu, suka faɗa ruwa da sanduna. Ta farko ta same shi a kafaɗa, ta biyu ta fasa masa goshi. Bai gudu ba, bai kuma roƙa ba, zagi kawai yake yi jini na shiga masa baki. Ba don mutanen dagaci sun iso sun janye shi ba, da a nan za a gama da shi.

Aka zaunar da shi a ƙasa a zauren dagaci, tsumma ɗaure a kai. Babba yana tsaye ya ƙi zama, idanu jajur. Dalhatu ya maimaita maganarsa, 'yan ƙungiya suka mara masa baya. Dagaci ya tambayi Sodangi abin da zai ce.

"Ranka ya daɗe, ban yi ba. Wanda ya yarda ya yarda."

Ana cikin haka aka ji ƙarar babur. Haladu ya shigo da ƙunshin raga a kafaɗa, ya gaida dagaci, ya warware su a tsakiyar zaure. Kalli uku ne. Ya zura yatsunsa huɗu cikin idon ta farko, suka wuce. Ya yi haka da ta biyu da ta uku.

"Ranka ya daɗe, waɗannan ragar mutumin nan ce, ni na ƙwace su. Ba na ƙaunarshi, shi ma ba ya ƙaunata, kowa ya sani. Amma duk dam ɗin nan babu mai raga mai faɗin ido kamar tashi. Shekara uku ina bin shi. Na sha laɓewa ina kallo yana cire ƙananan kifi yana mayarwa, bai san ina nan ba. Laifinshi rashin kati ne, kuma ba zan bar shi ba. Guba kuwa, ban yarda shi ne ba."

 Sodangi ya ɗago kai ya harari Haladu.

"Ban roƙe ka ba," ya ce.

"Na sani. Ba don kai na yi ba."

Babba ya buga sanda a ƙasa. "To in ba shi ba ne, wa ya kashe mini shanu? Iska?"

"Iskar za ka tambaya," in ji Sodangi. Ya juya ga dagaci. "Ranka ya daɗe, kwana huɗu ke nan iska daga kudu take busowa. Duk abin da ya taso bisa ruwa, arewa take kai shi. Ba inda kifin ya taru aka zuba maganin ba, inda ya fito za a duba. A je lungun kudu, wurin kukar nan, inda ruwa ya fi zurfi, manyan kifi ke taruwa in zafi ya yi. Wurin taɓo ne da kainuwa, ƙafa ba ta zuwa, gora ma ba ta ratsawa. Sai jirgi."

Bai ambaci suna ba. Ba a kuma buƙata, don kwale-kwale ɗaya ne a dam ɗin.

Dagaci ya tura mutanensa tare da Haladu da Babba. Suka sami kwaɗi da ƙaguwa a mace cikin taɓo, da sawun inda aka tura jirgi, da kwalaben maganin feshin wake guda biyar an cusa su cikin kainuwa. Kafin la'asar wani direba ya faɗa cewa shi ya ɗaukar wa Dalhatu kwanduna cike da manyan kifi zuwa birni, ya ma yi mamakin yawansu. Da aka titsiye Dalhatu sai ya fashe da kuka. Ya ce ya ga ruwa zai rufe, ya so ya yi kamu ɗaya mai kyau, bai zaci abin zai bazu har ya kai ga shanu ba.

"Da ka zuba, ka zuba," in ji Sodangi. "Amma ka tsaya kana kallo ana fasa mini kai."

'Yan sanda suka tafi da Dalhatu. Aka aika birni a tsayar da kifin, wani an samu, wani ya riga ya shiga kasuwa. Shari'a ta ɗauki watanni. A ƙarshe aka soke katinsa, aka sayar da jirgin da tarun aka biya Babba shanunsa, shi kuma da ya fito ya kwashe iyalinsa ya koma wajen surukansa a Dudunni. Babba ya zo har gidan Sodangi da ƙwaryar nono don ba da haƙuri. Kubura ta karɓa. Sodangi ya ce a gaya masa ya ji, amma bai fito ba.

Wanda ya zaci dangi za su taya shi murnar wanke kansa, bai san dangi ba. Gwaggonsu Kaka, tsohuwar da ta yi goyon su biyun, ta sa aka riƙo hannunta har ƙofar gidansa.

"Kai ne ka nuna musu hanya," ta ce. "Ɗan'uwanka na jini ka miƙa ma hukuma. Da ka yi shiru, malamin kifi ya riga ya wanke ka. Mi ya kai ka maganar jirgi?"

"Gwaggo, shi da ya nuna ni fa?"

"Shi tsoro ya ji. Kai kuwa ƙeta ce."

Ta juya ta tafi, har ta rasu ba ta ƙara taka gidan ba. Rabin dangi suka bi bayanta.

An rufe dam shekara guda cur don ruwa ya warke, aka kawo 'ya'yan kifi aka zuba. Masunta suka watse, wasu ƙwadago, wasu ci-rani. Sodangi ya yi shekarar yana ban-ruwa a lambun wani mutum a Kunduru, yana dawowa da ciwon baya. Da lokacin buɗewa ya matso, 'yan ƙungiya suka rasa wanda za su ɗora a kujerar Dalhatu. Waɗanda suka hana Sodangi mashiga jiya, su ne suka ce babu wanda ya san ruwan kamarsa. Haladu ya tara su a gindin tsamiya, ya aika aka kira shi. Ya zo, ya tsaya daga nesa.

"Baba, na cike maka takarda da hannuna," in ji Haladu. "Hoto kaɗai ya rage, ga waya nan, yanzu a ɗauka. Mutanen nan kai suke so. Amma ba a shugabanci babu kati."

"Mai katin ne ya kashe ruwan," in ji Sodangi. "Shugaban masu katin ma. Ka gaya mini abin da katin ya hana."

"Bai hana ba. Amma don yana da kati muka iya fitar da shi daga ruwan nan har abada. Kai in ka yi laifi, mi zan soke? Dokar ba don mutumin kirki ɗaya aka yi ta ba, Baba. Mutum sittin ke cin abinci a nan. Ba zan zauna ina auna zuciyar kowa ba."

 Daga baya Sodangi ya gaya wa Kubura cewa maganar ta shige shi, kuma abin da ya fi ba shi haushi ke nan. A wurin dai cewa ya yi:

"Ka iya magana. Ka riƙe takardarka."

Ranar da aka buɗe ruwa ya shiga da sabuwar raga. Kafin azahar Haladu ya ƙwace ta.

Bayan shekara biyu aka yi wa Haladu canjin wurin aiki. Bai zo sallama ba, Sodangi ma bai tambayi inda aka kai shi ba. Wanda ya gaje shi ba ya son wahalar zagaye, daga ofis yake aikinsa, sai ranar sabunta kati ake ganinsa. Da Sodangi ya sami sakewa sai jiki ya ƙi. Sanyin ruwan shekara arba'in ya taru a gwiwoyinsa, suka kumbura, har ta kai ba ya iya hawa gora. Kubura ta koma sayen kifi a hannun wasu tana soyawa. Shi kuma ya kasa zaman gida. Kullum da safe sai ya dogara sanda ya je mashiga, ya zauna a kan wani dutse yana duba abin da kowa ya fito da shi. Ba shi da muƙami, ba wanda ya sa shi. Amma in ya ga ƙananan kifi a kwando, zagin da zai yi sai an jiyo shi a hanya.

A daminar bana, ana tsakiyar hutun ruwa, ya hango wani mutum a lungu yana jan gidan sauro da abokinsa. Ya lallaɓa da sandarsa har ya iso. Zakiyyu ne, babban ɗan Dalhatu, magidanci mai 'ya'ya uku, wanda ya dawo daga Dudunni ya yi rajista da sunansa. Gidan sauron cike yake da 'ya'yan karfasa suna walƙiya.

"Zuba su," in ji Sodangi.

"Baba, ina ruwanka? Kai wa ye a nan?" Zakiyyu ya laluba aljihu ya zaro kati a leda ya ɗaga. "Ni ina da wannan. Kai nuna naka."

 Sodangi ya zaro wuƙar gyaran kifi daga ƙugu, ya shiga ruwan da kumburarrun gwiwoyinsa, ya tsarge gidan sauron tun daga wannan baki har wancan. 'Ya'yan kifin suka watse. Zakiyyu ya ɗaga hannu zai kai masa duka, abokin ya riƙe shi.

"Ka kori ubana, yanzu ni ka biyo! Wallahi sai mun haɗu gaban dagaci!"

Ya kuwa kai ƙara, cewa tsohon ya zare masa wuƙa ya lalata masa kaya. Bai faɗi irin kayan ba, bai kuma faɗi watan da ake ciki ba. Sau biyu dagaci yana aikowa. Na farko Sodangi ya ce ƙafa ta hana shi. Na biyu ɗan aiken ya same shi a gonar tudu, yana zaune a kan kujera 'yar tsugunno yana yankan gero da kyar.

"Ka ce ma dagaci ina gaishe shi," ya ce. "In na ɗaure geron nan zan zo. Shi kuma wancan, a ce ya taho da gidan sauron, kada ya ce ya ɓace."